Ƙudurin Sabuwar Shekara na Gyara Ci da Rage Ƙiba: Tambayoyin da Katsinawa Suka Fi Yi

Da shekara ta juya, ko ta Miladiyya a Janairu ko ta Musulunci a Muharram, ba a rasa wanda zai ce a majalisa bana kam sai ya sauke tumbin nan, ko wadda za ta rantse a gidan biki cewa ita da lemon kwalba sun raba gari. Kafin wata biyu maganar ta bi ruwa. Ga tambayoyin da suka fi dawowa daga bakin masu wannan niyya a Katsina da kewayenta, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan nauyi.

Me ya sa duk shekara nake ɗaukar niyya amma ba ta kaiwa ƙarshen Fabrairu?

Domin galibi abin da ake ƙudurtawa fata ne, ba aiki ba. "Zan rage kilo 15" ba abu ba ne da mutum zai tashi da safe ya yi. Amma "shayin safe cokali ɗaya na sukari zan sa maimakon uku", ko "in na fito masallaci da Asuba zan taka na minti 20 kafin in shiga gida", wannan aiki ne, ana iya cewa yau an yi ko ba a yi ba. Kuskure na biyu shi ne ɗaukar komai rana ɗaya: a bar tuwo, a bar nama, a bar shayi, a fara gudu. Jiki da gida ba sa karɓar irin wannan juyin mulki.

Sabo kuma yana cin lokaci. Wani bincike da aka yi a jami'ar UCL ta Landan, aka fitar a 2009, ya gano cewa sabon hali na ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18 ya ishe su, wasu sai sun haura 250. Binciken ya kuma nuna tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Mu dai mun daɗe da sanin hadisin da ke cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Ka zaɓi abu biyu, ka riƙe su har su daina yi maka nauyi, sannan ka ƙara na uku.

Ta yaya zan san ƙibata ta kai a rage? A wurinmu ai cikar jiki alamar hutu ce.

Haka ne, Alhaji. Mutum ya yi teɓa sai a ce naira ta zauna, amarya ta cika sai a yaba wa ango. Ita kuwa zuciya da gwiwa ba su san wannan yabon ba. Ma'aunin da asibiti ke amfani da shi ana kiran sa BMI: ka raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita da aka ninka da kansa. Mai kilo 85 da tsawon mita 1.70 zai raba 85 da 2.89, ya sami 29.4. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama ƙiba ce da likita ke ɗauka a matsayin lalura.

Ni na fi yarda da tef ɗin tela, don kitsen ciki ne ya fi jawo hawan jini da ciwon suga, ba na cinya ko damtse ba. Ka zagaya tef ɗin daidai saitin cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kada faɗin cikin ya wuce rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, cikinsa ya tsaya ƙasa da 85. Babbar riga da mayafi suna ɓoye abubuwa da yawa, shi ya sa mutane ke shekaru ba su lura ba.

Kilo nawa ya kamata in sa a gaba?

Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da masana lafiya ke ba da shawara a kai, kuma ba kowane mako za a samu ba. Burin farko ya zama kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka a wata shida. Mai kilo 90, kilo 4.5 zuwa 9 ke nan. Kada a raina wannan. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, an sa mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su bi tsarin ba.

Dole sai na bar tuwo?

A'a. Duk wanda ya ce wa Bakatsine ya bar tuwo na shekara guda, ya san ba zai yiwu ba. Abin dubawa shi ne girman malmala da abin da ke gefenta. Ka raba kwanonka gida huɗu a ido: biyu na ganye da kayan lambu, ɗaya na wake ko kifi ko ƙwai ko nama ko awara, ɗaya na tuwo ko shinkafa ko taliya. Yawancinmu akasin haka muke yi, dutsen tuwo da ɗan tafkin miya. Mai cin malmala uku ya koma biyu, ya ninka miyar. Bayan wata guda ya gwada ɗaya da rabi.

Tuwon ma iri-iri ne. Na dawa da na gero, musamman in ba a surfe hatsin har ya yi fari fat ba, sun fi riƙe ciki fiye da tuwon farar shinkafa ko na semo, domin dusar da ta rage a jiki tana sa narkewa ta yi jinkiri. Abin dariya, tuwon dawa miyar kuka da ake yi wa kallon abincin ƙauye ya fi farar shinkafa da soyayyar miya da ake ɗauka ci gaba ne. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, taushe, zogale, duk ba su da laifi in ba a malala musu mai ba. Dambun zogale, faten wake, ɗanwake, alale, kwaɗon rama: duk abincin mai neman rage nauyi ne, da sharaɗin da ke cikin amsa ta gaba.

To in ba tuwo ba ne, ina ɓarnar take?

A kofi da kuma cikin galan ɗin mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, wato cokalin shayi 12, in ma da hali a tsaya a rabin haka. Yawancin lemon kwalba na ɗauke da kusan giram 10 a kowane mililita 100, ke nan robar santilita 50 ita kaɗai ta cinye kason yini. Ƙara shayin safe, da na mai shayi bayan Isha'i mai kauri da madarar gwangwani, da zoɓo ko kunun aya da aka ƙulla a leda wanda mai sayarwa ta zuba wa sukari don ya shiga kasuwa. Abin sha ba ya ƙosarwa, shi ya sa ake shan sa a kan abinci ba a madadinsa ba. Gwamnatin Tarayya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a 2022. Zuma kuma, duk da darajarta, a lissafin ƙiba sukari ce. Matsattsen ruwan 'ya'yan itace ma haka, gara a ci lemon zaƙin kansa, ba ruwansa kaɗai ba.

Shi kuwa mai, in aka auna da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kowane giram nasa kalori 9 ne, alhali na hatsi 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Yanzu ki tuna, Hajiya, yadda ake tsiyaya mai a kan shinkafa da wake, ko ɗanwake, ko taliyar murji, kai tsaye daga bakin kwalba. Wake bai yi laifi ba, awara ba ta yi ba, kaskon suya ne ya canza su. Ki ajiye cokali a gefen kwalbar mai, ki riƙa aunawa. Wannan ɗabi'a ɗaya ta fi yawancin shayin da ake tallatawa aiki, ga shi kuma galan zai ƙara kwana.

Fura da nono fa?

Gero ne da nono, abinci ne mai kyau. Sai dai abinci ne cikakke, ba ruwan kora tuwo ba. In ka sha kwanon fura da rana, ka ci abincin rana ke nan. A dama ta da nono mai yawa, fura kaɗan, sukari ɗan taɓawa ko babu.

Da wannan tsadar rayuwa, cin abinci mai kyau ba sai masu kuɗi ba?

Wanda ya ɗauka sai tufa da inabi da hatsin kwali na kanti ne, shi zai ga tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace take so a ci a rana, ba ta ce daga wace ƙasa ba. Mai ɗaukar niyya a Janairu ma ya taki sa'a, don lokacin ne amfanin noman rani ke shigowa daga fadamu da bakin madatsai irin su Ajiwa da Jibiya da Zoɓe: tumatir, kabeji, karas, latas, albasa, duk sun fi araha a hunturu. Da zafi ga mangwaro da kankana, da damina ga rama da yakuwa da alayyafo da tafasa, ga kabewa da kaka. Busasshen zogale da kuka da kuɓewa kuwa ba su da lokaci.

Kuɗin lemon kwalba biyu a rana, in aka tara na mako, zai sayi ƙwai da wake mai yawa. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna da amfani amma suna da mai, cikin tafin hannu ya isa.

Tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidanmu, kuma a tire ɗaya muke ci. Ya zan yi?

Nan ne yawancin ƙuduri ke mutuwa. Maigida ya yi niyya a zuciyarsa bai gaya wa uwargida ba, ita kuma ta ga ya rage ci sai ta ɗauka girkin ne bai yi ba, ko kuma wani wuri yake ci, sai a shiga wata maganar daban. A zauna a yi shawara tun farko. Gyaran da za a yi wa tukunyar, rage mai da dunƙule da ƙara ganye, kowa zai amfana, ba sai an yi girki biyu ba. Yara ne kawai ba a rage wa abinci. A jihar da har yanzu ake fama da tamowa, kada gyaran cin babba ya taɓa kwanon yaro. Abin da za a rage musu shi ne alawa da lemo.

Ga masu ciyayya a ƙofar gida, inda kwano huɗu ko biyar ke fitowa daga gidaje daban-daban, dabarar ita ce a ci daga biyu, a ci a hankali, a riga kowa wanke hannu. In ka je gaida Inna ko surukai aka ajiye maka kwano, ƙin ci rashin ladabi ne. Ka ci kaɗan, ka yaba, ka ce "Inna, likita ne ya ce in rage", magana ta ƙare. Hadisin nan na raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, shi ma hujja ce da ba wanda zai yi maka musu a kai.

Azumi na tafe. Shi kaɗai ba zai rage ni ba?

Zai iya, amma mutane da yawa suna fitowa daga Ramadan yadda suka shiga, wasu ma da ƙari. Dubi faifan buɗa-baki: ƙosai, soyayyen dankali da doya da ƙwai, kunu mai sukari, zoɓo, lemo, sannan tuwo ko shinkafa bayan Tarawihi. Abincin yini biyu ne a cikin awa huɗu. A buɗe baki da dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, a yi Magariba, a dawo a ci abu ɗaya na kirki. Suya iri ɗaya ta isa a faifai. Da sahur a nemi mai riƙe ciki, irin tuwon dawa, wake, ƙwai ko fura da nono.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2025 an kama azumi ranar 1 ga Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, don haka mai ɗaukar niyya a Janairu makonni kaɗan gare shi kafin watan ya kama. Ya fara rage sukari tun yanzu, kada ya bari sai ranar farko ta haɗu masa da ciwon kai. Bayan nan ga cincin da dubulan na ƙaramar Sallah, bayan wata biyu da kwana 10 ga naman layya da ake soyawa a ajiye ana tsakura har makonni. Ba a ce kada a ci ba, a dai sa wa abin ranar ƙarewa. Sitta Shawwal da azumin Litinin da Alhamis, ban da ladarsu, suna taimaka wa mutum ya koma kan tsari. Masu ciwon suga su duba amsar da ta shafe su a ƙasa.

Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp da TikTok, da ruwan ɗumi da lemon tsami, suna aiki?

Ruwan ɗumi da lemon tsami ba ya narka kitse. In ya maye gurbin shayi mai sukari, to rashin sukarin ne ya yi aikin. Yawancin shayin rage ƙiba kuwa maganin gudawa ne irin su filasko, ko mai sa yawan fitsari. Sikeli zai sauka don ruwa ya fita, ya dawo da ka sha ruwa, a tsakani kuma hanji da ƙoda sun wahala. Ki karanta jikin kwalin da kyau, ƙanwata. Ko mai lambar NAFDAC ne, za ki ga a kan irin waɗannan kayan gargajiya an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da suke yi ba. Wanda aka ƙulla a roba babu suna babu lamba, ba a ma maganarsa.

Allurai irin su Ozempic da Wegovy magani ne na gaske. A gwajin da aka fitar a 2021, masu amfani da sinadarin da ke cikinsu sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, amma waɗanda suka daina, kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo cikin shekara. Suna da tsada, suna sa tashin zuciya, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsu. Ba abin saye a hannun mai talla ba ne, sai da likita.

Wane motsa jiki ne zai sauke tumbi?

Babu wanda ke ɗebe kitse daga wuri ɗaya. Kwanciya ana lanƙwasa ciki na ƙarfafa naman cikin ne, kitsen da ke samansa sai jiki gaba ɗaya ya ragu. Abin da ake so ga babba shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi mai sa numfashi ya ɗan ɗaga, wato tafiya mai sauri ta minti 30 sau biyar. Ba sai an je filin wasa na Muhammadu Dikko ba. Tafiyar da kake hawa babur ka yi, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura ko makamancin haka, taka ta da ƙafa wani lokacin. A watannin Maris zuwa Mayu a yi da sassafe ko bayan La'asar sakaliya. Matar da ba ta cika fita ba tana iya zagaya tsakar gida, ko tsallen igiya in gwiwa lafiya, ko su haɗu da maƙwabciya.

Sai dai a san iyakarsa. Tafiyar rabin awa ba ta ƙona abin da ya wuce babban cokali ɗaya da ɗan wani abu na mai. Mai tattaki da safe ya rufe da lemo da fanke kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne. Amfanin motsi ya fi fitowa a hawan jini, suga, barci, da hana nauyin da aka rage dawowa.

Ina da olsa, ba na iya zama da yunwa. Ya zan rage ci?

Rage ƙiba ba ya buƙatar yini da yunwa. Ci sau uku a kan lokaci, kwano madaidaici, ya fi tsallake karin kumallo a zo a rama da dare. Sannan a je a gwada. Yawancin gyambon ciki ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, kuma ƙwayar ana kashe ta da magani na mako biyu ko ƙasa da haka. Mutane da yawa sun shekara goma suna ciye-ciye da sunan olsa ba su taɓa yin gwaji ba.

Gishiri ai ba ya sa ƙiba, me ya kawo shi cikin maganar?

Hawan jini ne ya kawo shi, don shi da ƙiba tare suke tafiya. Giram 5 a rana ne iyaka, ƙasa da cikin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya, yajin tsire, kilishi, burodi da garin Indomie. Dunƙulen nan akasarinsa gishiri ne. Wadda ke jefa shida a tukunya ta koma huɗu, ta ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni. Kanwa ma tana da sinadarin da ke cikin gishiri, don haka mai hawan jini ya yi hattara da kunun kanwa.

Ina da ciki, ko ina shayarwa, ko ina shan maganin suga. Zan iya bin wannan?

Mai ciki ba ta neman rage nauyi. Ta gyara irin abincin, ta bar lemo, ta riƙa zuwa awo. Mai jego tana buƙatar ƙarin abinci don nono, kimanin kalori 500 a rana, saboda haka ta bari sai jiki ya dawo, sannan ta bi a hankali, ba tare da shayin da aka ambata a sama ba. Mai shan maganin suga, musamman insulin ko glibenclamide, in ya rage ci bai rage magani ba sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Ya ga likitansa kafin ya canza ci, haka kuma kafin azumi. Mai maganin hawan jini shi ma a riƙa auna shi, don nauyi na sauka adadin maganin na iya buƙatar gyara.

Na fara da kyau, yanzu mako uku sikeli bai motsa ba.

Abin da aka saba gani ne. Kilo biyun farko da suka zube da sauri yawancinsu ruwa ne. Daga baya kuma jikin da ya ragu yana ƙona abinci ƙasa da da, yunwa kuma na ƙaruwa. Ka auna ciki da tef, sau da yawa yana raguwa sikeli na tsaye. Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, sikeli ɗaya, kaya iri ɗaya. Mata su sani nauyi na hawa kafin al'ada ya sauka bayanta. Sai ka duba ko cokalin mai ya koma tsiyaye, ko malmala ta sake girma, ko hirar dare da waya ta cinye barci, domin mai kwana ƙasa da awa 7 ya fi jin yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. In biki ne ya karya ka, ci gaba daga abinci na gaba, ba sai Muharram ko Janairu ba.

Ni ban yi wata niyya ba, amma sai ramewa nake yi. In yi murna?

A'a, Baba, asibiti za a je. Ramar da ba a neme ta ba, in ta kai kashi 5 cikin 100 na nauyi a wata shida zuwa shekara, alama ce da ake bincike a kai. In akwai yawan ƙishirwa da fitsarin dare, a gwada suga. In akwai tari na sama da mako biyu da zufar dare, a gwada tarin fuka, gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Bugun zuciya da rawar hannu da rashin jure zafi na iya nuna matsalar maƙoƙo. A fara da asibitin da ke kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya.